Babu Wanda Ya Ɗaga Mayafin

Ni tela ce, kuma duk unguwar Jambutu ta garin Garwa an san ni da abu biyu: ɗinki mai ƙarfi da baki marar linzami. Shagona yana bakin titi, ƙarƙashin darbejiya, inda 'yan babur ke fakewa idan ranar Garwa ta fara dafa ƙwaƙwalwa. Tun kafin autanmu ya shiga soja nake yi wa sojoji gyaran kaki, don kayan da ake raba musu a bariki ba a auna kowa. Dogo ya samu wando iya ƙwauri, gajere ya samu riga kamar buhun auduga. Sai su kawo mini in rage, in matse, in ɗinka musu ɗan ƙyallen nan mai suna a ƙirji.

Ranar da autanmu ya kawo nasa kakin, ba shi kaɗai ya zo ba. Ya zo da wani yaro mai faɗin kafaɗa, mai tsaga ɗaya a goshi, wanda suka gama horo tare. Kirista ne, ɗan manoma daga duwatsun nan na kan iyaka, ba shi da kowa a Garwa.

"Adda, ki matse mini tawa sosai," in ji autan, don haka yake kirana, wato yaya. "Ina so 'yan matan unguwa su san an yi soja a gidanmu."

Na ce, "Kai tafi can! Soja ko tsinken tsire?"

Abokin ya yi dariya har da riƙe ciki. Na matse ta autan yadda yake so, na bar wa abokin tasa da faɗi saboda kafaɗunsa, na ɗinka wa kowa sunansa da koren zare, layi biyu, yadda ko kare ya ja ba zai ɓalle ba. Daga ranar gidanmu ya zama gidansa. Inna tana ce masa ɗana na dutse. Yakan tashi da malmalar tuwo uku da miyar folere, wato yakuwa, ya kuma leƙa tukunya, amma da azumi ba ya ko shan ruwa a gabanmu sai an kira magariba.

Da rikicin iyaka ya tsananta aka tura rukuninsu arewa. Waya sai sun hau wani dutse suke samu. Wata rana da la'asar autan ya kira ni yana ta ƙyaƙyata dariya, wai rigar da na matse masa ta ƙi shi. Shi ya yi ƙiba da wake da shinkafar bariki har maɓalli ya daina kamawa, abokin kuma zazzaɓi ya kwantar da shi ya zuge. Sai suka yi musanya, kowa ya sa ta ɗan'uwansa, ta zauna masa daram.

Na ce, "To sunayen fa, sarakan wauta? Ku kawo mini idan kun zo hutu in canza."

Ya ce, "Haba Adda, kowa a nan ya san fuskarmu. Wa zai tsaya karanta ƙirji?"

Na yi dariya, na zage shi, na kashe waya na koma kan keken ɗinki. Ban ƙara tuna maganar ba.

Babanmu shi ne mai wankan gawa na unguwarmu tun ban san kaina ba. Goro yake sayarwa, amma idan aka yi rasuwa, ko ta wane ne, shi ake aika wa. Ya wanke attajiri, ya wanke baƙon da ya faɗi a tashar mota ba a san danginsa ba. Yana da likkafani guda da ya sayo a Makka, ya naɗe ya ajiye a ƙasan akwatinsa, na ranar da tasa za ta zo.

Wata rana da hantsi sojoji biyu suka yi sallama a zaure. Motar da yaranmu ke ciki ta taka nakiya a hanya. Autan ya rasu, abokinsa ya rasu, da wasu. Ina tsakar gida na ji salatin Baba, na ji Inna ta saki kwanon da ke hannunta. Wallahi har yau idan kwano ya faɗi a siminti sai gabana ya yanke.

Baba ya shiga ɗaki ya buɗe akwatinsa ya fito da likkafanin nan. Ya ce ashe ba nasa ba ne. Ya tambayi sojojin yaushe za a kawo gawar, don a sanar da mutane ko bayan azahar ne ko bayan la'asar. Suka dubi juna. Suka ce sai an yi bikin girmamawa, kuma ba a sa rana ba, sai wani babba ya samu sarari ya taso daga babban birni.

Mu da muke binne mamaci kafin jikinsa ya gama sanyi, aka sa mu jira. Kullum Baba ya ɗauki sandarsa ya hau babur zuwa ƙofar bariki, kullum a ce masa ba labari. 'Yan ta'aziyya suna zuwa ba su san me za su ce ba, don ba a yi sutura ba balle a fara zaman makoki. Inna ta daina cin abinci. Ni kuwa na je ofis na samu wani ajudan, irin tsofaffin sojan nan masu riƙe takardu, na wanke shi tas. Na ce masa ƙanena ba naman kasuwa ba ne da za a ajiye a sanyi sai mai saye ya zo. Ya bar ni na gama, ya ce, "Madam, umarni ne." Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba mugu ba ne, idonsa ma ya kawo ruwa.

Ranar bikin aka jera akwatuna a fili, kowanne da tuta. Manya suna cikin rumfa, mu iyalai muna rana. Aka busa, aka buga, aka yi jawabi da Faransanci, babban da aka jira ya bi layi yana maƙala lambar yabo a kan tuta. Da aka watse, iyalan kowa suka karɓi nasu. Na hango wani tsoho siriri da hular saƙa yana bin akwatin abokin autanmu zuwa mota, na san mahaifinsa ne, amma taro bai bar ni na isa gare shi ba. Suka kama hanyar dutse a ranar.

Namu kuwa sai aka ce sojoji za su raka shi kai tsaye maƙabarta, a sa shi da akwatin. An liƙe cikinsa da kwano, kuma doka ce ba a buɗewa.

Baba ya ce, "Ban taɓa sa ɗan wani a ƙasa ban ga fuskarsa ba. Ba zan fara a kan nawa ba."

Limamin unguwa ya rarrashe shi, ya ce yaron shahidi ne, ko ba wanka ya wadatar. Baba ya ce, "Na ji, malam. Ko ba wanka ai akwai juya shi ya dubi alƙibla. A cikin akwati wa ya san ina ya duba?" Ya ƙi karɓa. Su ma suka ƙi buɗewa. Aka mayar da akwatin ɗakin ajiye gawa, aka koma gidan jiya, Baba yana ƙofar bariki da likkafaninsa a hammata. Dangi suka fara gunaguni, wai taurin kan tsoho ya hana yaro kwanciya. Ni ma, Allah ya gani, akwai ranar da na so in ce masa ya haƙura.

Ana cikin haka kapiten ɗinsu ya sauko daga arewa, wato hafsan da ke shugabantar rukuninsu. Mutumin kudu ne, bai kai shekaruna ba, hannunsa ɗaya a naɗe da bandeji don motarsa ce ke bin tasu a baya. Hausarsa ta bariki ce, wadda ya tsinta a bakin yaransa. Ya tsaya a ƙofar zaure ya kwance takalminsa, ya cire hula, ya zauna a gefen tabarma ƙasa da Baba. Ni ko kallon wannan ban yi ba, na fito na sauke masa duk abin da na tara. Na ce sun kwashi 'ya'yan mutane da rai, sun kasa mayar da su ko a mace. Bai katse ni ba, bai kuma ce umarni ne ba.

Da na yi shiru ya ce wa Baba, "Baba, gobe zan kawo shi gida. A buɗe. Idan an tambaya, ni na ce."

Washegari aka tona kabari tun da safe, aka sanar da jana'iza bayan la'asar. Motar soja ta kawo akwatin, aka shigar da shi bayan ɗakin Baba inda aka kewaye da zana. Aka kira mai walda ya yanka kwanon. Mu mata muna tsakar gida muna jin ƙarar ƙarfe, maza sun cika ƙofar gida har titi. Ƙarar ta tsaya. Aka yi shiru, shirun ya yi tsawo fiye da kima. Sai na ji muryar Baba, ba ta rawa ko kaɗan:

"A kira mini addarsa."

Na shiga. Abin da idona ya fara sauka a kai rigar ce, da sunan autanmu a ƙirji, koren zarena layi biyu. Na ɗaga ido sama kaɗan. Tsaga ɗaya a goshi. Fuskar lafiya lau, babu ko ƙwarzane, ta dai rame. Ɗan Inna na dutse ne kwance a gabanmu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Maganar wayar nan ta dawo mini kamar yanzu yake yin ta, da dariyarsa da komai, na faɗa musu ina kuka ina shiɗewa. Kowa a wurin ya gane abin da ba wanda ya iya furtawa. Autanmu yana can kan dutse, an riga an binne shi da sunan wani.

Kapiten ya daɗe a tsaye yana kallon fuskar. Wayarsa ta yi ƙara, don wani daga cikin 'yan rakiya ya riga ya kai labari sama. Ya koma wajen randunan ruwa yana amsawa. Faransancina na firamare ne, amma na ji "a'a, ranka ya daɗe" ya fi sau nawa. Ya dawo ya durƙusa gaban Baba.

Ya ce, "Baba, an ce in rufe, a binne, kada a faɗa wa kowa. Wai kowane gida ya samu gawa, kowane gida ya yi kuka, me za a ƙara. Na ce ba zan yi ba."

Sannan ya faɗa mana yadda aka yi, ba tare da an tambaye shi ba. Bayan fashewar, wani rukuni ne daban ya zo ɗauki, mutanen da ba su san yaran ba. Suka lulluɓe gawarwakin da barguna, suka karanta ƙirji suka rubuta. Asibiti ya kwafa daga gare su, ofis ya kwafa daga asibiti, mai akwati ya kwafa daga ofis. Abokan yaran, waɗanda suke ci a kwano ɗaya da su, an bar su a bakin daga, ba a kira ko ɗaya ya duba ba, don ba a saba yin haka ba.

Ya ce, "Ni aka kawo wa takardar na sa hannu. Suna kwance a gabana, kamar daga nan zuwa zanar can. Na san su duka, na san wanda ke waƙa, na san wanda ke minshari. Ban ɗaga mayafin ba. Tsoro na ji, Baba. Ban so in ga fuskokinsu ba."

Na zo da niyyar tsine masa, na rasa ta inda zan fara. Na sha tunanin wannan magana a kan keke a shekarun da suka biyo. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, babu wanda ya yi ha'inci. Kowa ya yarda da na gabansa, ya yi aikinsa tsaf, ya miƙa wa na sama, kuma duk tsawon layin nan ba a samu mutum ɗaya da aikinsa shi ne ya duba ba. Da aka gano, abin da ya fara zuwa wa manya shi ne a rufe, don kada a ji kunya. Mutum ɗaya ne ya yarda ya ɗauki kunyar a kansa, shi ne kuma kaɗai a cikinsu da Baba ya ci gaba da ce wa ɗana. Daga baya na ji an ɗauke shi daga rukunin an jefa shi can dajin gabas, ƙarin girma ya wuce shi. Amma na ji kafin ya tafi ya kafa ƙa'ida a rukunin, ba a ƙara rufe akwati sai shugaba da kansa ya ɗaga mayafi, da wani abokin mamacin a gefensa. Ko tana nan har yanzu, ban sani ba.

Aka sallami mutanen jana'iza. Kabarin da aka tona bai kwana biyu ba aka sa wata tsohuwa ta bayan layinmu a ciki.

Baba ya ce zai je ya tono ɗansa ya dawo da shi. Kapiten ya ce shi zai tuƙa. Na ce ƙafata ƙafar Baba, don idonsa ya yi rauni, kuma ba wanda ya isa ya hana ni. Muka ɗauki akwatin yaron mutane muka kama hanyar arewa, Baba yana rungume da likkafaninsa. Mun bar kwalta, mun bi ta rairayin busasshen kogi, har mota ta kasa, sojoji suka ɗauki akwatin a kafaɗa muka hau da ƙafa ta cikin gonakin dawa da aka yi hawa-hawa da duwatsu.

Kapiten ne ya shiga gaba. Ya cire hula a gaban tsohon nan mai hular saƙa da matarsa, ya maimaita abin da ya faɗa mana, bai rage komai ba. Uwar ta kurma ihu ta faɗi. Ta yi kwanaki tana kuka a kan kabarin ɗan wani, yanzu ga nata an kawo mata sabo, za ta fara daga farko. Na riƙe ta, ba na jin yarenta, ba ta jin nawa.

Kabarin yana bayan gidansu, kusa da na kakan yaron, an kafa gicciyen itace a kansa. Tsohon yana jin Hausar kasuwa, ta cinikin wake. Ya ce wa Baba, "Alhaji, naka ne. Ka ce a tona, ni zan fara sa fartanya."

Baba ya ce, "Da hannunka ka sa shi?"

Ya ce, "Da hannuna. Ni na zuba ƙasar farko. Na kira shi ɗana, na ce ya sauka lafiya."

Baba ya juya wajen kapiten ya tambaye shi, tsakaninsa da Allah, idan an tona me zai tarar. Da ya so, da ya ce a tona a gani, ya fita daga ciki. Sai ya ce an yi ruwa, ƙasar tana da zafi, kwanaki sun tafi, kuma shi wancan akwatin an fasa kwanonsa wajen hawa da shi dutse. Ya ce, "Abin da ke ciki yanzu, Baba, ba abin da uba zai gani ba ne. Ba zai wanku ba."

Baba ya tsuguna ya dafa ƙasar kabarin da tafin hannunsa, hannun da ya wanke rabin matattun Jambutu. Sannan ya ce, "An ja shi daga daji zuwa ɗakin sanyi, daga can zuwa nan. Ya wahala ya isa. A bar shi ya kwanta." A nan ne muryarsa ta karye, karo na farko tun ranar da sojoji suka yi sallama a zaure. Wayyo Baba.

Tsohon ya je da kansa ya tuge gicciyen, ya kai inda ake tona wa ɗansa, taku kaɗan daga nan. Baba ya nemi gabas, ya tsaya a gaban kabarin, sojoji Musulmi na cikin 'yan rakiya suka yi sahu a bayansa, ya yi wa autansa salla daga waje. Mutanen dutse suka tsaya gefe, hulunansu a hannu.

Kafin a rufe nasu, uwar ta nuna ƙirjin rigar tana magana. Aka fassara mini, ba ta so ɗanta ya shiga ƙasa da sunan wani. Ina da reza a jakata, tela ba ta rabuwa da ita. Na durƙusa na fara farke ɗinkina. Layi biyu ne, na yi shi da ƙarfi, ya ƙi fita, hawaye kuma sun hana ni ganin zaren. Na tsine wa hannuna da ya iya ɗinki.

Muka dawo Garwa da mota ba kowa a bayanta. Baba ya mayar da likkafanin ƙasan akwati, bai kuma ƙara wanke gawar kowa ba. Idan an aiko sai ya ce a nemi wani. Da lokacinsa ya yi a cikin likkafanin nan muka naɗe shi.

Amma ranar da muka dawo, Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ta ji tsayuwar mota, ta ga mun shigo mu biyu. Ba ta tambayi ina yake ba. Na durƙusa na sa mata ɗan ƙyallen nan a hannu. Inna ba ta yi boko ba. Ta riƙe shi a juye tana shafa haruffan da yatsa, ban gyara mata ba.

Ta ce, "Kin ga fuskarsa? Da gaske ya yi ƙiba?"

Na ce, "Ban gani ba, Inna. Babu wanda ya gani."